Lofe a ramin tubali: nan aka gina su, ko kawo su aka yi?

Ɗan Korama: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ga abin da nake so masu ilimi su duba mini. Shekaranjiya na je ƙauyenmu, kudu da Mirriya, inda yara ke buga mini tubali a gefen gonar tsohonmu. Wurin kufai ne, tun muna ƙanana ake ce mana nan garin yake kafin a tashi. Da rami ya kai cinya sai suka taras da toka mai kauri, cikinta kuma wasu ƴan tukwane ƙanana, kowace da ɗan wuya mai huda a gefe. Yaran sun ɗauka kayan wasan ƴan mata ne. Kawuna ya juya ɗaya a hannu ya ce a'a, lofe ne, tukunyar taba. Waɗanda suka fito da surarsu na ƙirga 43, ban da tsingaro. Ga hotuna nan. Shekarunsu za su kai nawa? Kuma me ya tara su wuri guda?

Baƙon Zengo: Wa alaikumus salam. Me ya tara su? Ai ka samo majalisar kakanninka ke nan. Arba'in da uku a zama ɗaya, hayaƙin ma ya isa ya kori fara daga gonar.

Ɗan Korama: Kai dai ba ka rabo da tsiya. Ni da gaske nake.

Alhaji na Sabon Gari: Wannan kayan mutanen farko ne. In ka ga abu ya nutse har cinya, ya fi shekara dubu. Ka adana su da kyau.

Mushe Mai Tarihi: Alhaji, Allah ya ƙara girma, zurfi ba ya ba da shekara. A ƙasar rairayi irin tamu iska ɗaya tana binne abu a damina biyu, a kan dutse kuma abin shekara dubu yana nan a fili rana na dukan shi. Amma in dai tukunyar taba ce, ita da kanta tana faɗin iyakar tsufanta. Taba ba shukar Afirka ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, kuma ba ta ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Nan Afirka ta Yamma kuwa sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 aka fara jin ɗuriyarta, ta hanya biyu: jiragen Turawa a gaɓar teku, da ayarin hamada tsakanin Maroko da Tumbuktu. Shi ya sa masu tonon kufai suke son lofe kamar me. Duk shimfiɗar ƙasar da aka same shi a ciki, sun san ba ta wuce wajen 1600 a tsufa ba. Inda babu shi ko ɗaya kuma, shi ma magana ce. A Jenne-jeno ta Mali, inda Roderick da Susan McIntosh suka fara tono a 1977, rashin lofe a saman tudun yana cikin abin da ya nuna an tashi daga garin tun kafin taba ta zo, gwajin gawayi kuma ya sa tashin wajen 1400. To naka, Ɗan Korama, shekara ɗari huɗu da ƴan kai ita ce ƙurewa.

Alhaji na Sabon Gari: To Mushe, ka rage mini shekara ɗari shida a zaune. Na karɓa.

Ƴar Magina: Sannunku. Ni ba ruwana da shekara, hoton na tsaya dubawa. Yaya Ɗan Korama, don Allah ka leƙa cikinsu. Baƙi ne ko ja? Ka sa ɗan yatsa ka shafa, ka shinshina. Kuma na ga biyu a hoto na uku kamar sun manne da juna. Haka suka fito ko kai ka jera su?

Ɗan Korama: Haka suka fito, manne, na yi na yi su rabu sun ƙi. Cikin kuwa na duba ɗai-ɗai da fitilar waya. Uku kaɗai ke da baƙi. Sauran duk ja ne fes, wasu toka-toka, ba kunkunniya ko kaɗan.

Ƴar Magina: To wallahi ba majalisar mashaya ba ce, wurin gashi ne. Ni a gidan gini na tashi a Mirriya, da yumɓu aka yaye ni. Lofen da aka sha ko sau biyar ne, cikin shi yana yin baƙi mai danƙo, ba ya fita ko an wanke. Wanda ba a taɓa sa ma wuta ba sai wutar gashi, shi ne za ka gani ja. Waɗannan da suka manne kuwa wuta ce ta yi musu yawa a gefe ɗaya. Ka ƙara dubawa, za ka ga wasu sun tsage daga baki zuwa gindi, wasu ɓangaren jikinsu ya ɓalle kamar ɓawon gyaɗa. Wannan ɓallewar tana faruwa in an sa abu a wuta bai gama bushewa ba, ko akwai ɗan dutse cikin yumɓun. Magini ba ya kai irin wannan kasuwa, nan bakin toka yake watsar da su. Ukun nan masu baƙi, ina jin na mai aikin ne da kanshi.

Baƙon Zengo: Hajiya, a yi haƙuri, ni ban yarda da sauri ba. Me zai hana a ce kayan fatake ne? Jaki ya yi tuntuɓe, mangala ta zube, mai kaya ya tsince masu kyau ya bar fasassu. Su ma ai ba a sha su ba.

Ƴar Magina: Malam, wane falke ne zai biya kuɗi ya ɗora ma jakinshi lofe biyu manne da juna? Wa zai saya? Yaya Ɗan Korama, ka samo tsinke ka zura ta wuyan kowane, ka ga ko yana fita cikin tukunyar.

Ɗan Korama: Na gwada yanzu. Bakwai tsinke bai wuce ba. Biyu ma ba a huda su ba sam, an fara an bari.

Baƙon Zengo: Shi ke nan, jakina ya faɗi.

Ɗalibi a Yamai: Inna ta gama magana. Abin da ake koya mana ke nan: samun abu a wuri ba ya nuna a nan aka yi shi, ɓarnar aiki ita ke nunawa. Maƙeri ana gane wurinshi da kashin maƙera, ba da fartanya ba. Amma Mushe, ina da ja a kan 1600 ɗin nan. Ba duk lofe ne na taba ba. A Habasha, cikin wani kogo kusa da tafkin Tana, an tono tukwanen shan hayaƙi na wajen ƙarni na 14, da aka gwada dattin cikinsu a 1975 aka samu alamar wiwi. Ke nan a Afirka an san zuƙar hayaƙi tun kafin taba. Akwai masanan da suka daɗe suna cewa dokar nan ta "lofe sai bayan 1600" tana sa a rage ma wurare shekaru ba gaira ba dalili.

Mushe Mai Tarihi: Ƙanena, ka kawo magana mai kyau, kuma na san ta. Amma waɗancan na Habasha irin na ruwa ne, a gabashin Afirka, inda wiwi ya shigo ta tekun Indiya. Nan yamma, inda aka yi tono a tsanake aka bi shimfiɗa-shimfiɗa, lofe yana bayyana ne kwatsam a sama, da yawa, kamar an buɗe ƙofa. A Gana Paul Ozanne ya jera irin surarsu tun farkon shekarun 1960, ya jingina su da garuruwan da aka san ranar mutuwarsu, kamar Ayawaso, tsohuwar Akara, wadda Akwamu suka ci a 1677. Ban ce ba za a taɓa samun wanda ya saɓa ba. Na ce wanda ya zo da iƙirarin ya girmi taba, shi zai kawo shaida. Ga ukun nan masu baƙi, ana iya kankare cikinsu a gwada, nikotin yana daɗewa a jikin yumɓu. Don haka Ɗan Korama kar ka wanke su, kar ka bari yara su sa musu ruwa.

Ɗalibi a Yamai: Na yarda da gwajin. Sai dai gawayin tokar ba zai taimaka sosai ba in abin na bayan 1650 ne, karbon 14, wato gwajin da ke auna shekarun gawayi, yana rikicewa a tsakanin nan da 1950, sai ya ba ka amsa uku.

Malam Na Tsangaya: Ni abin da ke ba ni mamaki, an cika zaure ana ta murna an gano kakanni suna shan taba. Wannan abin alfahari ne? Abin da ke cinye huhun ƴaƴanmu yau? A rufe ramin a bar ma Allah bayinshi.

Mushe Mai Tarihi: Allah gafarta Malam, ba wanda ya ce a sha. Likitoci sun gama magana a kan cutarta, ni kaina na binne aboki saboda ita. Amma ku malamai ai kun riga mu shiga wannan tarihi. Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda Marokawa suka kama suka kai Marrakesh a 1594, ya rubuta fatawa a 1607 yana kan hanyar komawa gida, ya ce taba ba ta sa maye don haka ba haramun ba ce. A Masar Ibrahim al-Laƙƙani ya hana, Ali al-Ajhuri ya halatta, dukansu Malikawa. Kusa da mu nan, a Bagarmi, Muhammad al-Wali ya yi rubutu mai zafi a ƙarni na 17 yana haramta ta. A Masina Shehu Ahmadu ya hana ta da ƙarfin hukuma, Kuntawan Tumbuktu suka ƙi bin shi a kan haka. Malami ba ya ɓata tawada a kan abin da mutum biyu ke yi. In har malamin Bagarmi ya zauna ya yi littafi, to hayaƙin ya riga ya cika kasuwannin ƙasar Barno da kewaye. Ramin Ɗan Korama ɗaya gefen labarin ne, gefen waɗanda ake ma wa'azin.

Malam Na Tsangaya: Mu dai a ɗarikarmu Shehu Tijjani ya hana, magana ta ƙare. Amma na ji batun al-Wali, ban san da shi ba, Allah ya saka. Taba dai ta bambanta da garin gero.

Ɗan Birni a Ingila: Ku ba ni wuri in sa baki, don abin ya taɓo inda nake zaune. Nan Ingila in ka haƙa lambun tsohon gida da wuya ka rasa guntun farin lofe, kamar alli. A da ana ɗauka sana'ar manyan birane ce, London da Bristol, tunda masu yin ta na London sun samu takardar sarki tun 1619. Sai tono ya nuna ƙauyuka ma sun yi ta sosai. Broseley, wani ɗan gari a Shropshire, sunanshi ya zama sunan lofe, an yi ta yi har shekarun 1950, daga baya aka mai da masana'antar gidan tarihi, na shiga da ƙafata. Akwai kuma wani ƙauye a Herefordshire da ake ce ma Pipe Aston, gidaje ƴan kaɗan a tsakiyar gonaki, inda aka tono matoya na ƙarni na 17 da farkon na 18. Abin da ya tabbatar musu shi ne daidai abin da Inna ta faɗa: tulin waɗanda suka lalace a wuta, ba a sha ba, da fasassun kaskon da ake jera su ciki don kar hayaƙi ya ɓata farinsu. Sun fi mu sa'a a abu ɗaya, maginansu suna buga hatimi da harufan sunansu a gindin lofen, sai a je littafin coci a samo mutumin, da ranar aurenshi da ta mutuwarshi. Har wata dabara gare su ta auna faɗin hudar karan. Wani Ba'amurke, J. C. Harrington, ya nuna a 1954 cewa hudar tana ƙara tsukewa daga farkon ƙarni na 17 zuwa 1800. Ɗan Korama, ka auna naka mu gani.

Ɗalibi a Yamai: Yaya, wannan awon ba zai yi aiki a namu ba. Na Turawa da karan da tukunyar duk yumɓu ɗaya ne, a cikin mazubin ƙarfe ake matsa su, a zura waya. Namu tukunyar ce kaɗai yumɓu, da ɗan gajeren wuya, sai a cusa kara ko icce mai rami. Da hannu ake yi, hudar kuma gwargwadon tsinken da magini ya tsinta ran nan. Namu sai dai a bi sura da zane: gindi mai faɗi ne ko mai tsini, wuyan ya haɗe da tukunyar ko ya rabu, an goge da jar ƙasa ko ba a goge ba.

Ɗan Birni a Ingila: Na gane. To amma ina matoyar? Nan sai an ga ginin matoya ake cewa an samu wurin sana'a. Shi toka kawai ya gani.

Ƴar Magina: Yaya, ka daɗe a Turai. Mu wace matoya? Fili ake sharewa, a shimfiɗa kara da kashin shanu, a kife tukwane, a lulluɓe da ciyawa da tsingaro, a sa wuta da maraice, da safe a kwashe. In an yi shekara ashirin ana yi a wuri ɗaya, abin da zai rage toka ce da ƙasa da ta yi ja ta ƙeƙashe a ƙarƙashi. Kakata ta ce mini su ƙananan kaya, lofe da kaskon turare da ƴan tukwanen wasa, ba a yi musu wuta tasu daban, asarar kara ce. Cikin manyan tukwane ake zuba su ko a cusa a tsakankani. Saboda haka in ka duba tsingaron da ka ce ka bari, za ka ga na tulu da na tukunyar tuwo a ciki. Mutumin nan ko matar nan ba lofe kaɗai suke ci da shi ba, ɗan ƙarin kuɗin cefane ne a kan tukwane.

Ɗan Korama: Inna, kamar kina wurin. Tsingaron manya ne, masu kauri, har da bakin tulu. Ƙarƙashin tokar kuma yaran sun ce ƙasar ta yi tauri ta yi ja, har sun yi ƙorafi tana cin bakin diga.

Mushe Mai Tarihi: Alhamdu lillahi. Kuma ba abin mamaki ba ne a same shi a ƙauye. Mun saba in an ce tarihin Damagaram sai fada, sai Birni, sai Sarki Tanimu da ganuwarshi da igwoyin da aka zuba mishi a nan. Amma Barth, matafiyi Bajamushe, da ya sauka Zinder a Disamban 1852 ya rubuta cewa ruwa na kusa da sama a gefen garin, yana shayar da gonakin taba masu yawa. To ga ganye a fadama, ga yumɓu a bakin tabki, ga kara a gona. Wane dalili zai sa talaka ya jira ayarin Tarabulus ya kawo mishi abin da maƙwabciyarshi za ta gina mishi da wuri kaɗan? Abin da ke ci mini rai shi ne ba mu da jerin surar lofen ƙasar nan kamar yadda aka yi ma Gana. Tonon da aka yi na ilimi a yankinmu kaɗan ne. Anne Haour ta yi aiki a Kufan Kanawa, kufai mai ganuwar dutse da ake cewa daga nan Kanawa suka tashi, amma kufai nawa ne tsakanin Mirriya da Magarya da ba wanda ya taɓa aunawa? Ɗan Korama, ka tambayi kawunka yaushe aka tashi daga wurin.

Ɗan Korama: Na kira shi. Ya ce kakanshi ya ce lokacin yunwar Kakalaba rijiyar ta ƙafe, suka gangara kusa da fadama.

Mushe Mai Tarihi: Kakalaba 1913 zuwa 1914 ke nan. To ga ka da bango biyu, wajen 1600 da 1914. Faɗin ya yi yawa, shekara ɗari uku. Da an bi ramin a hankali an san wanne ke sama wanne ke ƙasa, da an rage shi. Yanzu yaranka sun gauraya komai da shebur.

Ɗan Korama: Mushe, tubali na aike su bugawa, ban aike su jami'a ba.

Hajiya Mai Goro: Ni dariya ma kuke ba ni, kamar shan hayaƙi ne kaɗai aikin taba. Mu da muka taso, tsofaffi ci suke yi, a daka ganye a haɗa da kanwar Manga a cusa a leɓe. Mata kuma fure, a goga a haƙori da goro ya yi jawur, amarya ba ta fita ba shi. Wannan duk ba ya barin tukunya a ƙasa. In jikokinku sun zo tono za su ce mata ba su san taba ba. Lofe kuwa na ga na ƙarshe a hannun wani tsoho mai kiɗan garaya ina yarinya, sigari ya kashe shi.

Ɗalibi a Yamai: Hajiya, wannan maganar taki sai na kai ta aji.

Mai Kayan Da: Ɗan Korama duba saƙonka na ciki. Ina biyan jikka biyu kowane mai kyau, masu mannen nan jikka goma.

Mushe Mai Tarihi: Ga shi nan, an fara. Malam, akwai doka, lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, kan kare kayan tarihin ƙasa. Abin da aka tono a ƙasa ba hajar kasuwa ba ne, sanar da hukuma ake yi. Mun ga abin da ya samu Bura a yammacin ƙasar nan: Boubé Gado ya yi tonon ilimi a 1983, da duniya ta ga mutum-mutumin da ya tono sai ƴan haƙa suka bi kufaifan yankin suka rarake, kaya suka ƙare a shagunan Turai. Kuma waɗannan biyun da ka sa ma jikka goma su ne shaidar gaba ɗaya. In sun bar sauran, sun zama tarkace, sauran ma sun zama tarkace.

Mai Kayan Da: Ni taimako na yi niyya. In ya kai ofis ma a kwali za su ruɓe.

Baƙon Zengo: A nan kam bai yi ƙarya duka ba. Ni na taɓa tsintar wata tukunya da duwatsun wuya a gonarmu, na ɗauka na kai wani ofis. Sau uku ina zuwa, yau shugaba ya yi tafiya, gobe mai makulli ba ya nan. Na huɗu aka karɓa ba ko takarda. Bayan shekara na koma tambaya, aka ce wace tukunya?

Ɗalibi a Yamai: Shi ya sa kar ya kai su hannu da hannu ya juyo. Yaya Ɗan Korama, ka ɗauki hoton kowane da ɗan ma'auni ko ashana a gefe, ka rubuta mishi lamba a takarda ba a jikinshi ba, ka ɗauki wurin ramin da wayarka. Ka sanar da mai gari da magajin gari, sannan a rubuta ma sashen tarihi na Jami'ar André Salifou nan Zinder da cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Ni zan kai hotunan ga malaminmu ranar Litinin in ka yarda. Abin da ya fi komai, a daina haƙa gefen da tokar ta ci gaba.

Ɗan Korama: Na yarda, ka kai. Mai Kayan Da, na gode, ba na sayarwa, kawuna ma ya ce ko na sayar sai ya tsine mini. Ya sa an ja ƙaya an rufe bakin ramin saboda awaki. Matsalata yanzu yaran sun ce sai na biya su kwana biyun da suka zauna, ga ɗaki ban gama ba, ga damina ta matso. Wanda ya san inda zan samu ƙasar tubali kusa ya taimaka.

Ƴar Magina: Ka zo kasuwar Mirriya ran Lahadi da guda biyu, ɗaya mai zane ɗaya marar zane, ka naɗe su a tsumma. Akwai wata gwaggona da ta haura tamanin, idonta ya tafi amma hannunta na gani. In ta shafa za ta gaya maka ko yumɓun namu ne ko na wajen Korama. Ka taho mata da goro, fari take so.

Baƙon Zengo: Ƙasar tubali kuwa akwai a bayan gidan surukina, amma ka yi alkawari in yaranka sun ga toka su yi shiru har a gama ɗakin.

Mushe Mai Tarihi: Baƙon Zengo, ina ganin ka.